Mun Ba Shata Digiri, Mun Hana Ɗanmu Karatun Kiɗa

Kowace shekara, idan lokacin cika fom ɗin shiga jami'a ya zo, gidajenmu sukan koma kamar kotun alƙali. Yaro ya gama sakandare, shi ne zai yi karatun, amma a bayansa ga uba, ga baffa, ga kawu, ga yayan da ya riga shi shiga jami'a, kowa da kwas ɗin da ya zaɓa masa. Likita, lauya, injiniya, akanta. In duk sun faskara, to a nemi ko wane ne, muddin dai sunansa zai yi daɗin faɗi a majalisa. A irin wannan zama ne, bara waccan, ƙanen ɗayanmu, yaro mai natsuwa da ya ci jarrabawarsa da kyau, wanda kuma ya koya wa kansa gurmi a ɓoye, ya buɗe baki ya ce shi kiɗa yake so ya karanta. Ba a doke shi ba, don ya wuce duka. Baffansa ne ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗana, mu a gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Uban bai ce uffan ba, ya tashi ya shige ɗaki. Kafin mako ya zagayo an cika fom da wani kwas na sha'anin mulki wanda yaron bai taɓa ko mafarkinsa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, motar baffan nan, in ka shige ta, ba abin da ke tashi daga safe har dare sai Shata da Ɗanƙwairo.

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata Katsina digirin girmamawa na dokta. Aka sa masa riga da hula irin na shehunnan malamai, aka yi tafi, kuma tun daga ranar har ya rasu a 1999, har yau ɗin nan ma, Dokta muke ce masa. Madalla da wannan karramawa, ta dace, ba mu da ja. Amma muna da tambaya ga duk ɗan bokon da ya yi tafi a ranar, da kuma 'ya'yansa da muke zaune aji ɗaya da su yau. In abin da Shata ya shafe fiye da shekara hamsin yana yi ya isa a ba shi digirin ƙoli, yaya aka yi bai isa a zauna a koye shi shekara huɗu a karɓi digirin farko ba? Ko dai ba ilmin mutumin aka sa wa hula ba, sunansa aka ara don a ƙawata bikin yaye ɗalibai? Shi kansa Shata ba gadon kiɗa ya yi ba. Mahaifinsa a Musawa bai so ya yi waƙa ba, saboda wannan dalili dai da baffan yaronmu ya kawo. Da ya bi maganar, da yau ba mu san abin da baffa zai riƙa saurara a mota ba.

Bari mu fara da kawar da jahilcin da ke cikin zukatan 'yan'uwanmu ɗalibai, domin mun ji irin dariyar da aka sheƙe da ita a ɗakin kwana sa'ad da labarin nan ya iso. Da yawa sun ɗauka karatun kiɗa a jami'a shi ne a tara samari a ɗaki su yi ta buge-buge har shekara huɗu ta cika. Ko kusa. Kwas ɗin ƙafa biyu gare shi, ƙa'ida da aiki, kuma ba a tafiya da ɗaya. A ɓangaren ƙa'ida ana koya wa ɗalibi rubutun kiɗa, watau yadda ake ɗora sauti a kan layuka biyar, kowace alama ta nuna inda sautin ya hau da kuma daɗewar da zai yi, ta yadda wanda bai taɓa jin waƙa ba zai dubi takarda ya rera ta daidai, ko da mai ita ya shekara ɗari a kabari. Ana horar da kunne: malami ya buga ɗan gajeren kiɗa sau biyu ko uku, ɗalibi ya rubuta abin da ya ji, kamar shifta. Ana koyon tsanin sauti da matakansa, da yadda ake haɗa muryoyi huɗu mabambanta su tafi tare ba su yi karo ba, da ma'aunin bugu, da tarihin kiɗan al'ummomi, da yadda ake ƙaga sabon kiɗa a rarraba shi ga masu kayan kiɗa iri-iri. Akwai ma lissafi tsantsa a ciki. Ɗaure tsirkiya ka kaɗa ta, sa'an nan ka danne ta daidai tsakiya ka sake kaɗawa: sautin farko ne zai dawo, amma a sama, domin rabin tsirkiya yana karkarwa ninki biyu na cikakkiyarta. In kuwa ka danne ta inda kashi biyu cikin uku ne ke motsi, ka sami wani sautin da kunnen ɗan Adam ke jin daɗin haɗuwarsa da na farko kusan a ko'ina cikin duniya. Yatsun mai goge sun san wannan tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai iya faɗar sa da baki, ya rubuta shi da alƙalami.

Ɓangaren aiki kuwa ya fi tsanani. Ɗalibi yakan zaɓi abin kiɗa guda, ko kuwa muryarsa, ya zama shi ne babban makaminsa, ya ƙara da na biyu, galibi fiyano. Kullum sai ya keɓe awoyi shi kaɗai yana maimaita abu ɗaya har yatsu su yi kanta. Jarrabawarsa gaban malamai ake yin ta ido da ido, a shekarar ƙarshe kuma gaban jama'a. Mu da muke karanta tarihi ko kimiyyar siyasa mun san yadda ake haddace takardun lakca daren jarrabawa, a juye su da safe, a manta da su kafin azahar. Mun kuma san waɗanda ke shiga da 'yar takarda cikin safa. To, ba a satar amsa a busa. Wanda bai yi aikin wata huɗu ba, minti guda ya isa ya tona masa asiri. Tun wajen shiga ma, sassa da yawa ba sa tsayawa ga sakamakon JAMB kaɗai, sai sun gwada kunnen mai nema da hannunsa.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan ilmi? Ruwansa ya kai har wuya, domin mun daɗe muna nazarin rabin waƙa muna zaton duka ce. Ba mu raina aikin sassan Hausa na jami'o'inmu ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dokta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shafe shekaru yana bin makaɗa yana tattara tarihinsu da waƙoƙinsu. Ba don irinsu ba, da abin da ya salwanta ya fi haka. Amma dubi yadda mu ɗalibai muke rubuta kundi a kan makaɗi. Mu kunna waƙa, mu kwafe kalmomin, mu fitar da jigo, mu lissafa salo, mu zaƙulo aron kalmomi da kambamawa da zambo da habaici. Kiɗan fa? Layi ɗaya ya ishe shi: makaɗin yana amfani da kotso. Shi ke nan, an gama da kotso. Ɗauki Bakandamiya ta Narambaɗa. A takarda kalmomi ne masu nauyi, ba shakka. Amma abin da ke sa tsigar jikin mai sauraro ta tashi ai ba duka ne ke kan takardar ba. Yana cikin inda jagora ya ja murya da inda ya datse ta, da daidai bugun da 'yan amshi ke faɗowa a kai, da abin da kotso ke cewa tsakanin ɗan waƙa da ɗan waƙa kafin a koma gindi. A cikinmu, mu da muka ci jarrabawar waƙar baka da maki mai kyau, wa zai iya rubuta wannan yadda wani zai karanta ya kaɗa? Mun feɗe doki mun shanya fatar, muna ta bayanin launinta, sukuwar kuwa ba mu da kalmar da za mu kama ta da ita.

Abin ya ma fi haka zurfi, domin harshenmu da kansa a kan kari yake tafiya. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya ne, wasulansu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Hawa da saukar murya kaɗai ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Wannan hawa da sauka shi ne mai kalangu ke kamawa in ya matse tsirkiya a hammata ya saki, har kalangu ya kira sunan mutum ya faɗi takensa, mahauci ya jiyo daga nesa ya san da shi ake. Kakaki sautinsa biyu ne ko uku kacal, amma da su yake gaya wa gari cewa sarki ya fito. Ashe a wurinmu ilmin harshe da ilmin kiɗa uwa ɗaya ta haife su. Mun kafa wa ɗaya sashe da farfesoshi, ɗayan mun bar shi a ƙofar gida yana jiran a miƙo masa kyauta.

Wa ya tattara sunayen kayan kiɗanmu ya bayyana su ɗaya bayan ɗaya? Turawa biyu ne, David Ames da Anthony King, a littafin da suka fitar a 1971, da Turanci, a Amurka. Wani Baturen, Fremont Besmer, shi ya zauna a Kano ya yi rubutu a kan makaɗan fada da kuma kiɗan bori. Ba mu ga laifinsu ba. Sun tarar da gona ba mai ita, sun nome. Maƙwabtanmu kuwa ba su jira baƙo ba. A Gana, Kwabena Nketia ya fitar da littafi a kan gangunan mutanen Akan tun 1963. A ƙasar Yarabawa, Akin Euba, wanda ya koyi fiyano da ƙirƙirar kiɗa a Landan, ya dawo ya durƙusa gaban masu dundun, ya yi digirinsa na dokta a kansu. Dundun kuwa ɗan'uwan kalangu ne na jini, ƙirarsu ɗaya, matsarsu ɗaya. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, Ife da Uyo da Abraka da Fatakwal da wasunsu suka biyo baya. Shi ya sa har yau yaron Kano ko Katsina ko Sakkwato da ya nace sai ya yi digiri a kan kiɗa zalla, galibi sai ya ɗaure kayansa ya nufi kudu, bayan ya gama yaƙi da gidansu.

Sakamakon wannan sakaci ga shi nan a kunnuwanmu. Tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano a 1990, samari suka rungumi fiyanon Yamaha, daga baya kwamfuta, suka koya wa kansu, suka gina da ƙarfinsu sana'ar da ke ciyar da dubban mutane. Sun cancanci jinjina, kuma ba ɗan jami'ar da ya isa ya yi musu kallon raini. Amma wanda ya koya wa kansa, iyakarsa abin da kunnensa ya tsinta, abin da kunnen ya fi tsinta kuwa finafinan Indiya ne. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan tsani mai mataki biyar yake hawa; waƙoƙin finafinan Indiya da na Turawa galibi mataki bakwai ne. Aka ɗauko karin da aka ɗinka wa wani harshe aka cusa kalmomin Hausa a ciki, inda kalma ke son sauka kiɗa ya ja ta sama, har wani lokaci sai ka saurara sau biyu kafin ka gane me ake cewa. Inda murya ta kauce, na'ura ta miƙe ta. Inda ake son algaita, a lalubo a cikin fiyano sautin da ya fi kama da ita, alhali mai algaita na gaske yana zaune a ƙofar fada, mutumin da ke busa ba yankewa domin yana shaƙar iska ta hanci a daidai lokacin da yake fitar da wadda ya tara a kumatu. Ba muna kiran a koma zamanin jiya ba ne, ba mu kuma ƙi a yi aro ba. Muna cewa ne mai aro da ilmi ya san abin da ya ɗauko da abin da ya ajiye. Wanda ba shi da ilmin kuwa bai ma san ya yar da wani abu ba.

Za a ce mana, ai kiɗa baiwa ce, Narambaɗa wace jami'a ya je? Maganar tana da daɗin faɗi, amma mai faɗinta bai taɓa shiga gidan makaɗa ba. Gidan makaɗi makaranta ce, mai aji-aji da horo mai tsanani. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma kan ƙaramar ganga yana riƙe bugu ɗaya tak shekara da shekaru, ya shiga amshi, ya haddace taken gidaje da asalin sarakuna, ya koyi ɗaurin fata da gyaranta, kafin wata rana a ba shi gaba. Musa Ɗanƙwairo cikin kiɗa ya tashi a gidan mahaifinsa, ya yi wa yayansa amshi, kafin ya zama abin da ya zama. Wannan makaranta ce ke rufewa a gaban idonmu, kuma mu 'yan boko ne muka ja ƙyauren. Mun kai 'ya'yan makaɗa makaranta, abin kirki ne, amma a can muka koya musu jin kunyar sana'ar iyayensu, har ɗan makaɗi ya gama jami'a abokansa ba su san abin da ubansa ke yi ba. Jankiɗi ya tafi a 1973, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Sun bar muryoyinsu a faifai da kaset, amma faifai ba ya amsa tambaya, ba ya kama hannun yaro ya gyara masa riƙo. In tsohuwar makaranta ta mutu, sabuwa kuma ta ƙi buɗe ƙofa, ina ilmin zai kwana? Masu cewa karatu yana kashe baiwa kuma, su tuna da Fela. A 1958 ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan, ya koyi ƙaho da ƙa'ida irin ta Turawa, ya dawo ya ƙago kiɗan da ba wanda zai ce na Bature ne.

Sai batun addini, wanda ba mu da niyyar tsallakewa, ba mu kuma da matsayin yanke hukunci a kansa. Mu ɗalibai ne, ba masu fatawa ba. Abin da yake sananne shi ne malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa: akwai waɗanda suka tsananta, akwai waɗanda suka sassauta da sharuɗɗa. Imam Gazali ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan sauraro da ladubbansa. Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan ilmin kiɗa, da lissafin tsirkiya da ma'aunin bugu, fiye da shekara 700 kafin a haifi Bach, wanda Turawa ke tinƙaho da shi. Malaman jihadin Sakkwato sun yi kakkausar suka ga kiɗan sharholiya, amma sun bambanta shi da gangar yaƙi da ta tara jama'a. Uban da ya hana ɗansa saboda ya bi fatawar masu tsanantawa, ya kuma tsarkake gidansa da motarsa da bikin 'yarsa daga kiɗa, muna girmama shi, domin maganarsa da aikinsa sun zo ɗaya. Rigimarmu da wancan ne, wanda ke liƙa wa mawaƙi kuɗi a goshi ranar Asabar, ya ba shi mota lokacin kamfe, sa'an nan ranar Litinin ya tuna da haram saboda ɗansa ne zai rataya gangar. Haba! Wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron surukai ne, kada a je neman aure a ce ba a ba maroƙi. Tsohon rabon nan ne na asali, wanda ya ajiye maƙeri da mahauci da makaɗi a bakin tabarma, shi aka naɗa wa rawani.

Duk da haka baffan yaronmu yana da gaskiya a wuri guda, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A ƙasar Hausa kiɗa da roƙo sun daɗe a ɗaure da igiya ɗaya, har kalmar maroƙi ta nemi haɗiye kalmar makaɗi. Amma me ya ɗaure su? Makaɗi ba shi da albashi, ba shi da yarjejeniya a rubuce, ba shi da abin da ke kare masa waƙar da ya ƙaga; abincinsa yana aljihun wanda ya wasa. Tilas ya wasa, ko mutumin kirki ne ko azzalumi. Yau sarakuna sun ɗan ja baya, 'yan siyasa sun maye gurbi, igiyar dai ita ce. Wanda zai tsinke ta shi ne makaɗin da ke da wata ƙofar ci ban da yabo: mai iya koyarwa, mai iya tsara kiɗan fim a kan yarjejeniya, mai sanin abin da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba shi. Watau maganin roƙon da baffa ke ƙyama yana cikin karatun da ya hana.

Aikin yi fa? Ba za mu yi wa kowa ƙarya ba, hanya ce mai wuya. Akwai koyarwa, akwai gidajen rediyo da talabijin, akwai situdiyo da finafinai, akwai badujalar soja da ta 'yan sanda, inda rubutaccen kiɗa shi ne abin aiki. Taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024 ma shugaban badujalar 'yan sanda ne, Ben Odiase, ya sa masa kiɗa. Ba duk wanda ya karanta ne zai sami gurbi ba. Amma wane kwas ne yau yake ba da wannan tabbaci? Ku yayyenmu ƙananan ma'aikata da kuka riga mu fita, ku faɗi tsakani da Allah: nawa ne cikin abokan karatunku, masu digirin da iyaye suka zaɓa, suke yawo da fayil ofis-ofis shekara biyar bayan bautar ƙasa?

Yanzu kuma mu juyo kan mai zaɓen, domin ba mu rubuta wannan don mu yi masa daɗin baki ba. Duk ƙanenmu da ya ci yaƙin gida ya sami gurbi, ya sani wani yaƙin yana jiran sa a aji. Manhajar kiɗa a makarantun ƙasar nan daga hannun 'yan mishan da Turawan mulki ta samo tushe, kuma ko da yake an shigar da kiɗan Afirka cikinta, har yanzu fiyano da waƙar coci mai murya huɗu da tarihin su Bach da Handel da Beethoven suna da babban rabo. Ya koye su, ya ƙware; ba a yar da makami don wani ne ya ƙera shi. Amma kada ya dawo mana yana auna goge da ma'aunin fiyano yana cewa goge ya kauce. Fiyano ya raba tsani gida goma sha biyu daidai wa daida, ya kulle kowane sauti a ɗakinsa. Kalangu da goge da muryar mai amada kuwa zamewa suke yi tsakanin ɗakunan, kuma a zamiyar nan daɗin yake. Layukan nan biyar ba don kayanmu aka zana su ba. Aikin ɗalibinmu ne ya lanƙwasa su, ko ya ƙaro musu alamomi, har su ɗauka. Kafin ya cika fom, ya binciki sashen da kyau. Shin akwai malamin kayan gargajiya da ke kaɗawa da hannunsa, ko a allo kawai ake zana su? Ana yarda ɗalibi ya yi jarrabawar ƙarshe da gurmi ko kalangu? Fiyano nawa ne ke aiki, ɗalibai nawa ke layi a kansu? Kowane dogon hutu kuma ya nemi tsohon makaɗin garinsu ya zauna a ƙasa gabansa. Wanda kuwa burinsa bai wuce ya yi suna a intanet cikin wata shida ba, ya bar gurbin ga wani, ba sai ya ɓata da iyayensa a banza ba.

In ana son ganin abin da mutum ɗaya mai horo zai iya cetowa, ba sai an je Turai ba, a leƙa Nijar. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989, inda ake adana kayan kiɗan ƙabilun ƙasar ana kuma koyar da su. Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya yi aiki a can. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi tafkin Chadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa, bai jima ba ya rasu. Shi ma Maman Barka ya rasu a 2018, amma sai da ya naɗi biram a faifai ya kuma kai shi ƙasashen waje aka ji. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da sai dai a ga abin a rataye a gidan tarihi, a rubuta masa layi ɗaya irin wanda muke rubuta wa kotso. Mu a nan, masu taushi da jauje da dundufa da suka rage, wa muka tura ya zauna gabansu?

Ku da kuke ma'aikatun ilmi da hukumomin ba da tallafin karatu, mun san ƙa'idar nan ta kashi 60 ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, kuma ba mu ce a rushe ta ba. Muna cewa ne cikin arba'in ɗin a bar wa kiɗa ko da gurbi biyu ne a kowace jiha, a kuma daina tura fayil ɗin mai nema ƙasan tari ana dariya. Darasin kiɗa yana cikin jarrabawar WAEC da ta JAMB. Yaron da makarantarsu ba ta da malamin da zai koya masa, an rufe masa ƙofa tun bai san tana nan ba. Hukumomin jami'a kuma, in kafa sashe sukutum ya yi nauyi a yanzu, a fara da kwasa-kwasai biyu ko uku ƙarƙashin sashen Hausa ko na wasan kwaikwayo, a ɗauko masanin rubutun kiɗa, a haɗa shi da makaɗin gado a aji ɗaya, kowannensu da albashinsa.

Mu ma 'yan ƙungiyar ɗalibai ba mu fita ba. Kowace shekara a makon al'adu mukan kira makaɗan gargajiya, mu shimfiɗa musu tabarma a rana can gefen fili, manyan baƙi suna kan kujeru a inuwa. Su yi minti goma, a yi musu liƙi, a sallame su da kuɗin mota, sa'an nan a kunna lasifika a kwana ana rawa. A zaman majalisar ɗalibai mai zuwa za mu kawo ƙuduri: bana a kira mai kotso ko mai kalangu guda, a kai shi babban ɗakin lakca, a ba shi kujera da allo da awa biyu. Ya kwance gangarsa ya nuna mana yadda ake ɗaure ta, ya kaɗa take mu yi ƙoƙarin fassarawa, mu yi masa tambayoyi kamar yadda muke yi wa kowane baƙon malami, a kuma biya shi daidai da abin da ake biyan baƙon malami. Mun riga mun aika wa yaron nan saƙo. Yana aji biyu yanzu a kwas ɗin da aka zaɓa masa, gurminsa yana ƙarƙashin gado. Ya ce zai zo. Mun ce ya taho da baffa.